Bok daga 24 V zuwa 5 V: tsini a ƙafar SW, hayaniya a rediyo, kuma aisi na zafi

Ɗalibin_Lantarki:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawara kan wani allon lantarki da na zana. Na'urar rage bolteji ce irin mai kunnawa da kashewa, wadda ake kira bok. Wuta na shiga 24 V, tana fita 5 V, lodi yana kaiwa 3 A. Aisin, wato guntun IC da ke sarrafa na'urar, yana da mosfet (makunnan lantarki masu sauri) biyu a cikinsa, na sama da na ƙasa, yana aiki a kan 500 kHz, kuma akwai faifan sanyaya a ƙarƙashinsa. Koyil 10 µH ne. Allon hawa biyu ne, kaurinsa 1.6 mm, kaurin tagulla 35 µm.

Ƙimar kaya duk yadda takardar bayanan aisin ta ce haka na sa. Wuta tana fita 5 V daidai, amma ga abin da ke damuna. A osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bolteji, ina ganin tsinin bolteji a ƙafar SW, inda mosfet biyun ke haɗuwa da koyil, yana kaiwa 40 V, alhali iyakar da takardar ta yarda da ita 32 V ce. Rediyon FM da ke kusa yana cika da shuu da zarar an kunna allon. Idan lodi ya wuce 2 A, faɗin bugun SW ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana rawa, har koyil ɗin yana ɗan tsaki. Saman aisin kuma yana kai 95 °C.

Yadda tsarin yake: kafasitar shiga guda ɗaya ce, siramik 10 µF, 35 V, girman 1206 (lambar girman jikinta), tana nesa da ƙafar VIN, inda wuta ke shiga aisin, da kamar 12 mm, kuma ƙafarta ta giraun (layin 0 V da karant ke dawowa ta kai) tana sauka hawan ƙasa ta rami ɗaya mai haɗa hawa biyun. Hawan ƙasa giraun ne, amma layin 5 V da wasu layuka biyu sun ratsa ta ƙarƙashin aisin. Tagullar SW na faɗaɗa ta zuwa 15 mm sau 20 mm don ta taimaka wajen sanyaya. Rizistocin raba bolteji, 52.3 kΩ da 10 kΩ, suna kusa da mahaɗin fita, layinsu ya yi tafiyar 30 mm ta gefen koyil kafin ya isa ƙafar FB, wadda aisin ke auna wutar fita ta ita.

Tambayata: ana iya gyara wannan da ƙarin kaya, ko sai an sake zane? Kuma dole ne sai allo mai hawa huɗu?

Tagulla35:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bayaninka ya wadatar, kuma bakin zaren yana cikin 12 mm ɗin nan da ka ambata. Zanen da'ira ba ya nuna tsawon layi, shi ya sa kaya za su dace ƙima da ƙima amma allo ya ƙi zama lafiya.

Ka fitar da hoton allon a takarda, ka ɗauki biro biyu masu launi daban, ka bi hanyar karant. Lokacin da mosfet na sama yake kunne, karant yana tashi daga kafasitar shiga, ya shiga ta VIN, ya fito ta SW, ya ratsa koyil, ya isa kafasitar fita, ya dawo ta giraun zuwa inda ya taso. Wannan launi na farko. Lokacin da mosfet na ƙasa ya karɓa, karant yana tashi daga PGND, ƙafar giraun ta ɓangaren wuta, ya hau ta mosfet ɗin, ya fito ta SW, koyil, kafasitar fita, ya dawo PGND. Wannan launi na biyu. Duk inda launukan biyu suka hau kan juna ba a cika samun matsala ba, domin a nan karant ba ya yankewa, hawa da sauka kawai yake yi a hankali. A allonka rawar ba ta wuce 0.8 A ba. Inda launi ɗaya ne kaɗai, nan rigimar take: daga kafasitar shiga zuwa VIN, ta cikin mosfet biyun, zuwa PGND, a dawo kafasitar. A cikin wannan ɗan zagayen karant yana tsalle daga sifili zuwa 3 A cikin kamar 4 ns, ya sake yankewa, sau dubu ɗari biyar kowace daƙiƙa. Shi ake kira zazzafan zagaye, kuma shi ake fara zanawa kafin komai.

Ga lissafin. Siririn layin tagulla yana da indoktans, wato halin ƙin barin karant ya canza farat ɗaya, kusan 1 nH a kowace milimita idan babu giraun daf da shi a ƙasa, rami ɗaya da ya ratsa allo mai kaurin 1.6 mm kuma yana ƙara kusan 1 nH. Zagayenka, tafiya da dawowa, ba zai gaza 10 zuwa 15 nH ba. Boltejin da indoktans ke haifarwa shi ne L sau saurin canjin karant. Mu ɗauki 12 nH, 3 A, 4 ns: 9 V ke nan a kan 24 V ɗinka. Kamar bututun ruwa ne da aka rufe famfonsa farat ɗaya, ruwan da ya taho a guje sai ya bugi bututun. Bayan bugun farko kuma, wannan indoktans yana haɗuwa da kafasitans ɗin mosfet na ƙasa, wanda a aisi irin wannan yakan kai 200 pF ko kusa da haka, su yi ta kaɗawa. 12 nH da 200 pF suna kaɗawa a kusan 100 MHz, tashoshin FM kuwa suna tsakanin 87.5 da 108 MHz. Ka ga dalilin shuu ɗin rediyonka.

Don haka a sabon zane, bayan ka ajiye aisin, abu na farko da za ka ajiye shi ne kafasita 100 nF, 50 V, girman 0402 ko 0603, tsakanin VIN da PGND, tazarar da ba ta wuce 1 zuwa 2 mm ba, a hawa ɗaya da aisin, ba rami ko ɗaya a tsakaninsu. Daf da bayanta ka sa manyan: biyu na 10 µF, 50 V, siramik irin X7R, girman 1210. A haɗa su da faffaɗar tagulla, ba layi ba. Bayan an gama haɗa su a hawan sama ne za ka sa ramuka huɗu zuwa shida a gefen ƙafafunsu na giraun don su sauka ƙasa. Ramukan ƙari ne, ba su ne hanyar zagayen ba. Idan aisinka yana da ƙafafun VIN da PGND a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, ka sa kafasita a kowane ɓangare daidai wa daida. Zagayen biyu suna juyawa ta fuskoki mabambanta, maganaɗisunsu yana kashe juna.

Tagullar SW kuwa ka rage ta. Na fahimci niyyar sanyaya, amma wannan ita ce tagulla ɗaya tilo a allon da boltejinta ke tsalle 24 V cikin 'yan nanodaƙiƙa. Faɗin 300 mm² a kan giraun mai nisan 1.6 mm yana yin kusan 7 pF, kuma kowane tsalle yana tura karant sama da 40 mA ta wannan kafasitans. Wanda ya faɗa giraun ɗin allon da sauƙi. Wanda ya tsallaka zuwa wayoyi, akwatin ƙarfe ko wani allo na kusa shi ne fitina, domin abin da bai kai 1 mA ba ya isa ya mayar da wayar shiga eriya. Ka kawo koyil daf da aisin, tsawon tagullar SW kada ya wuce 5 zuwa 6 mm, faɗinta iya abin da zai ɗauki 3 A, kuma kada ka saukar da ita wani hawa. Kafasitar BOOT mai 100 nF, wadda ke ba da wutar kunna mosfet na sama, ta zauna daf da ƙafafun BOOT da SW.

Sai layukan da suka yanka giraun ɗin ƙasa. A irin wannan sauri, karant mai dawowa ba ya neman hanya mafi gajarta, yana bin ƙarƙashin layin da ya tafi ta kai ne, domin nan ne indoktans ya fi ƙanƙanta. Idan ya tarar da yanka sai ya kewaye, zagayen ya ƙara faɗi. Ƙarƙashin aisi, kafasitocin shiga, koyil da kafasitocin fita, giraun ya zama shimfiɗa ɗaya ba tsaga.

Ga masu aikin nau'in ƙara bolteji: a can zazzafan zagayen yana ɓangaren fita ne, wato mosfet, dayod da kafasitar fita, don haka ita ce ake fara mannawa.

Malama_Awo:

Abin da Malam Tagulla35 ya faɗa haka yake, amma kafin ka taɓa allon, ka tabbatar 40 V ɗin nan gaskiya ce. Da me ka haɗa giraun ɗin tsinken awo na osiloskof ɗin? Idan da doguwar wayar nan mai bakin kada ce, to rabin abin da kake gani nata ne. Waya mai tsawon 12 zuwa 15 cm tana da indoktans kusan 150 nH, tsinken kansa yana da 10 zuwa 15 pF, su biyun suna kaɗawa a kusan 120 MHz, ga shi kuma zagayen wayar yana kama maganaɗisun koyil. Gwaji mai sauƙi: ka maƙala bakin kadan a kan tsinin tsinken kansa, ka kai shi kusa da allon yana aiki ba tare da ya taɓa komai ba. Duk abin da ya bayyana a fuskar osiloskof, shi ne abin da wayar ke ƙara maka.

Ka cire hular tsinken da wayar, ka sa ɗan ƙaramin sifirin ɗin giraun da ke zuwa tare da shi, ka auna tsakanin ƙafar SW da ƙafar PGND a jikin aisin. Tsinken ya kasance a kan ×10, kuma kada ka kunna takaitawar 20 MHz. Wannan ta awon rawar wutar fita ce, ba ta tsini ba. Ka kuma lura cewa osiloskof mai 100 MHz yana rage abin da ke kaɗawa a 100 MHz da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya kai 300 MHz ko sama ne zai nuna maka ainihin tsayin tsinin.

Kan tambayarka ko ana iya gyara da ƙarin kaya: ana iya rage ciwon a wannan allon. Ka kankare rufin tagulla a gindin ƙafafun VIN da PGND, ka manna 100 nF kai tsaye a tsakaninsu. Wannan kaɗai zai nuna maka abin da sabon zane zai ba ka.

Idan kaɗawar ta rage amma ba ta isa ba, sai sinoba, wato rizista da kafasita a jere daga SW zuwa PGND. Ba a zaɓen ƙimarsu da ka. Ka auna saurin kaɗawar, mu ce 100 MHz. Ka riƙa manna kafasita ita kaɗai daga SW zuwa PGND har saurin ya koma rabi, 50 MHz. Mu ce 680 pF ce ta yi hakan. Kafasitans ɗin da ke ɓoye a SW kashi ɗaya cikin uku ne na wadda ka ƙara, kusan 227 pF. Daga nan indoktans ɗin zagayen ya fito kusan 11 nH, rizistar da ta dace kuma ita ce tushen L bisa C, kusan 7 Ω, sai ka sa 6.8 Ω. Zafin da za ta sha shi ne C sau V² sau f: 680 pF, 24 V, 500 kHz, kusan 0.2 W. Rizista 0603 ko 0805 ba za ta jure ba, sai 1206. Kafasitar ta zama siramik irin C0G, 50 V ko sama. Kuma sinobar ma ƙaramin zagaye take so. Idan ka kai ta nesa da 5 mm, indoktans ɗin layinta zai hana ta aiki a 100 MHz.

Akwai kuma hanyar sa rizista 2.2 zuwa 10 Ω a jere da kafasitar BOOT, wadda ke rage saurin kunna mosfet na sama. Tana aiki, amma tana ƙara zafi a cikin aisin, naka kuwa ya riga ya kai 95 °C. A sabon zane ka bar wa duka biyun gurbi: 0 Ω a BOOT, sinoba ba a manna ba. Gurbin da ba a cika ba bai ci maka komai ba.

Ɗalibin_Lantarki:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya ƙara sani. Da sifirin ɗin, tsinin 33 V ne, yana kaɗawa a kusan 100 MHz. Bayan manna 100 nF a gindin ƙafafun ya sauko 28 V, kaɗawar ta koma wajen 165 MHz, shuu ɗin rediyo ya ragu sosai. Amma rawar faɗin bugun tana nan. Sannan ina da tambaya biyu kan sabon zanen: in raba giraun gida biyu, AGND na ƙananan kaya da PGND na kayan wuta, kamar yadda wasu takardu ke nunawa? Kuma in cire tagulla daga ƙarƙashin koyil ko in bar ta?

Injiniya_FB:

Madalla da awon. Daga 100 zuwa 165 MHz yana nufin indoktans ya sauka daga kusan 11 nH zuwa 4 nH, da kafasita ɗaya kacal.

Rawar bugun kuma daga layin FB take, kusan babu tantama. Ba irin rawar nan ba ce da ke kama aisi masu bin ƙololuwar karant idan lokacin kunnawa ya wuce rabin zagaye. Naka 5 bisa 24 ne, kusan kashi 21 cikin ɗari, 417 ns a kowane bugu, nesa da wannan iyaka.

Dubi abin da ke faruwa a mahaɗar rizistocin nan biyu. Boltejinta 0.8 V ne kawai, kuma imfidans ɗinta, wato juriyarta ga karant mai canzawa, 52.3 kΩ ne a gefen 10 kΩ, kusan 8.4 kΩ. Wuri ne mai rauni, duk abin da ya taɓa shi sai ya motsa. Kai kuma ka ja shi 30 mm ta gefen koyil da faffaɗar tagullar SW. Mu ce kafasitans tsakanin layin da SW 0.1 pF ne kacal, shi kuma layin da ƙafar FB suna da 10 pF zuwa giraun. Tsallen 24 V zai jefa kusan 0.24 V a kan 0.8 V ɗin nan a kowane bugu. Ka kwatanta da rawar gaskiya da ya kamata FB ta gani: 0.8 A a kan kafasitocin fita masu 30 µF na zahiri yana ba da kusan 7 mV, bayan rabawa ya koma kusan 1 mV. Idan aisinka irin mai tsayayyen lokacin kunnawa ne, wanda ke yanke hukunci kai tsaye daga rawar FB, wannan hayaniyar ita ke tuƙa shi. Masu bin ƙololuwar karant sun fi juriya, amma su ma suna rikicewa idan lodi ya ƙaru.

Gyaran: rizistocin biyu su dawo daf da ƙafar FB, layin mahaɗarsu kada ya wuce 2 zuwa 3 mm. Doguwar tafiyar a bar wa ɓangaren 5 V, domin imfidans ɗinsa ƙasa yake ƙwarai, hayaniya ba ta iya motsa shi. Ka ɗauko shi daga ƙafar kafasitar fita ta ƙarshe, ba daga ƙafar koyil ba, da siririn layi nasa na kansa mai 0.25 mm wanda ba ya ɗaukar karant ɗin lodi. Ya kewaye nesa da koyil da SW da aƙalla 3 zuwa 5 mm, da tagullar giraun a tsakani. A allon da ke hannunka za ka iya gwadawa yanzu: ka yanke layin a gindin FB, ka manna rizistocin a wurin, ka jawo 5 V da siririyar waya ta bayan allo. Idan aisin yana da ƙafar COMP, ta daidaita natsuwar wutar fita, kayanta ma haka, daf da ƙafar.

Ka kuma duba takardar koyil ɗin. Ƙololuwar karant ɗinka 3.4 A ce, amma karant ɗin da koyil ke ƙoshi a kai ya kamata ya wuce iyakar karant ta aisin, ba 3.4 A kawai ba. Koyil da ya fara ƙoshi indoktans ɗinsa na faɗuwa, shi ma yana kawo tsaki da zafi.

Batun raba giraun: kada ka tsaga shimfiɗar ƙasa. Abin da takardun ke nufi shi ne kada karant ɗin mosfet ya bi ta tagullar da rizistar 10 kΩ da kayan COMP suka tsaya a kai. Ana cimma wannan da wurin zama, ba da wuƙa ba. Kayan wuta a gefe ɗaya na aisin, ƙananan kaya a ɗaya gefen. A hawan sama ka yi ɗan tsibirin tagulla na AGND, ka haɗa shi da faifan da ke ƙarƙashin aisin a wuri ɗaya. Shimfiɗar da aka tsaga, da zarar layi ɗaya ya tsallaka tsagar, ka samu eriyar da ta fi wadda kake gudu.

Tagulla35:

Kan tagullar ƙarƙashin koyil, masana sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa a cire suna duban karant mai kewaya da maganaɗisun koyil ke tayarwa a cikin tagullar, wanda ke ɗan rage indoktans, ya ƙara asara, ya kuma zuba hayaniya a giraun. Masu cewa a bari suna cewa ai wannan karant ɗin shi ne ke tare maganaɗisun kada ya ratsa allon. Ni ina tare da na biyun idan koyil mai rufi ne, musamman irin wanda aka matse cikin garin ƙarfe: ɗigon maganaɗisunsa kaɗan ne, asarar ba ta taka kara ta karya ba, kariyar kuwa ana ganinta a awo. A hawan sama, tsakanin ƙafafunsa biyu, kada ka bi da kowane layi. Hawan da ke ƙasa ka bar shi cikakke. Koyil marar rufi mai siffar ganga kuwa, a canza shi kawai.

Idan akwai ɗigo ko gajeren layi a saman koyil ɗin, yawanci yana nuna farkon naɗi, wato wayar da ke can ciki. Ka tabbatar a takardarsa. Wannan ƙafar ita za ta je SW, sai naɗin waje, wanda ke kan 5 V mai natsuwa, ya zama garkuwa ga na ciki.

Hawa huɗu ba dole ba ne a 15 W, amma ga abin da yake saye maka: a allo mai hawa huɗu giraun yana 0.1 zuwa 0.2 mm ƙarƙashin zazzafan zagayen, maimakon kusan 1.6 mm. Karant ɗin da ke bayyana a cikin wannan shimfiɗa yana juyawa saɓanin na sama, ya kashe mafi yawan maganaɗisun. Jerin da na fi so: kayan wuta a hawa na 1, giraun cikakke a na 2, ƙananan layuka da layin FB a na 3, giraun da sanyaya a na 4. Idan hawa biyu za ka tsaya, ka rage kaurin allon zuwa 1.0 ko 0.8 mm in jikin na'urar ya yarda, kuma duk layin da dole ya sauka ƙasa ya zama gajere, a wajen yankin wuta. Idan kuma allon zai je gwajin hayaniya na hukuma, ka tafi hawa huɗu tun yanzu.

Mai_Dalma:

Sannunku da ƙoƙari. Ba a taɓo zafin ba, kuma yana da alaƙa da layukan nan da suka yanka giraun. Idan ingancin ya kai kashi 90 cikin ɗari, asararka kusan 1.7 W ce. Koyil mai 30 mΩ yana cin kusan 0.3 W, mafi yawan sauran yana cikin aisin. Lambar juriyar zafi da ke takardarsa galibi a kan allon gwaji mai hawa huɗu na ƙungiyar ƙa'idojin kayan lantarki ta JEDEC aka auna ta. Allo mai hawa biyu da aka yayyanka ba zai kai kusa da ita ba. Hanyar fitar zafin faifan ƙasa ce, ba tagullar SW ba. Ka jera ramuka masu 0.3 mm a cikin faifan, tazarar 1.0 zuwa 1.2 mm, tara idan faifan 3 mm sau 3 mm ne. Su haɗu da giraun gaba ɗaya, ba da 'yan siraran ƙafafun nan huɗu da manhajar zane ke sa wa da kanta ba. Ramin da ya fi 0.3 mm yana shanye dalma, faifan ya zauna a kan iska. A farantin shafa dalma kuma a raba tagar faifan ƙanana, ta rufe kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, don kada aisin ya yi iyo ƙafafunsa su ɗaga. Mai mannawa da hannu ya fara ɗumama allon zuwa kusan 100 °C, in ba haka ba tagullar za ta shanye zafin.

Faɗin layin 5 V: jadawalin IPC-2221, ƙa'idar zanen allon lantarki, yana ba da kusan 1.4 mm don 3 A a hawan waje mai 35 µm da ƙarin zafi 10 °C. Amma faɗuwar bolteji ta fi takurawa. Tagulla 35 µm tana da kusan 0.5 mΩ a kowane murabba'i, don haka layi mai tsawon 50 mm da faɗin 1.5 mm yana cin 50 mV a 3 A, kashi ɗaya cikin ɗari na wutarka, ban da dawowa. Ka zuba tagulla mai faɗi, inda za a canza hawa kuma a ƙiyasta rami ɗaya mai 0.3 mm ga kowane 1 A, a ƙara biyu a kai.

Kafasitar shigarka ma ba 10 µF ba ce a bakin aiki. Siramik irin X5R da X7R suna rasa ƙima idan bolteji na kansu, kuma 1206 mai 35 V a kan 24 V tana iya rasa fiye da rabi. Ka duba zanen da masu ƙera ta suka bayar. Karant ɗin da take sha kusan 1.2 A ne, shi ya sa aka ce biyu masu girman 1210.

Amma siramik zalla yana da nasa haɗari. Wayar shiga mai tsawon mita ɗaya tana da kusan 1 µH. Idan aka soka ta da wuta a kunne, ita da siramik ɗin suna kaɗawa, bolteji ya kusa ninkawa, 24 V ta nufi 48 V, aisin da iyakarsa 32 V ya mutu nan take. Maganin shi ne kafasita mai ruwa 47 zuwa 100 µF, 50 V, a gefen siramik ɗin. Juriyarta ta ciki, 0.3 zuwa 1 Ω, ita ce ke kwantar da kaɗawar. A nan kada ka nemi mai juriya ƙasa-ƙasa.

Idan za ka ƙara matatar shiga, 2.2 µH da 10 µF suna kaɗawa a kusan 34 kHz, kuma a lissafi suna rage 500 kHz sau ɗari biyu. Wannan yana da amfani domin ƙa'idar gwajin hayaniya ta CISPR 32 tana auna hayaniyar waya daga 150 kHz zuwa 30 MHz, bugunka yana ciki. Sharaɗin da masanin lantarki Middlebrook ya kafa tun 1976 shi ne imfidans ɗin matatar ya kasance ƙasa sosai da na shigar na'urar, wanda a nan yake kamar juriya mai alamar ragi ta 34 Ω. Kafasita mai ruwan nan a ɓangaren aisin ita ke riƙe ƙololuwar matatar a ƙasa. Matatar ta zauna a bakin mahaɗin shiga, aƙalla 15 zuwa 20 mm daga babban koyil da SW, kuma kada layin da ya shiga cikinta ya yi tafiya gefe da gefe da wanda ya fito, in ba haka ba hayaniyar za ta tsallake ta ta iska ta hau wayar.